Wanda Ya Juya Mini Gado

Baba,

Assalamu alaikum. Yaya Inna da mutanen Dangora?

Ku kwantar da hankalinku, an sallame ni daga asibitin Dublin. Ciwon ya ɗan matsa, har na nemi malami. Wani tsohon limamin Katolika ne ya nemo mini shi. Tsohon ya ce a zamanin Sarauniya Biktoriya, lokacin da Ingila ke mulkin ƙasarsu, wani ɗan majalisarsu ya daɗe yana fafutuka a Landan, don a daina hana talakawan Katolika ganin limaminsu kafin su cika.

"Mun san zafin abin, 'yata," in ji shi.

Baba, kun ji tsoron kada Kiristocin nan su raba ni da salla. To, limamin Katolikan nan shi ya juya mini gadona ya kalli alƙibla.

'Yarku,
Khairiyya