Yaron da Na Hana Waƙa Shi Ke Koya Mini Sarewa

Anti, don Allah ki taimake ni kafin sati uku su cika. Na san na girme ki, wataƙila ma na haife ki, amma kowa Anti yake ce miki a filin nan, ni ma na bi sahu. Kada ki buga sunana. Da yawa cikin masu karanta jaridar nan sun bi ta hannuna, wasu har yau kunnensu bai manta da ni ba.

Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a makarantar firamare. Da na yi ritaya na zauna a gida sai na rasa wanda zan gyara wa. Na gyara wa jikokina zama, na gyara wa surukina riƙon cokali, har takardar da mai gyaran famfo ya rubuto sai da na bi ta da jan biro na mayar masa. Nan 'yata ta ce abin ya isa. Ba ta nemi shawarata ba, ta je ta rubuta sunana a wani wurin koyon kiɗa da ke saman kantin sayar da fenti, ta sayo mini sarewa, ta ce wai likita ya ce tana gyara numfashi. Na san babu likitan da ya ce. So suke su fitar da ni daga gida ran Talata da Alhamis su ɗan sha iska.

A wurin ba a koya wa mutum shi kaɗai. Mutum huɗu ake haɗawa da malami ɗaya, kowa da abin kiɗansa, a koyi waƙa guda tare. A namu rukunin akwai tsohon direban bas da ganga, wanda yakan fara a hankali ya ƙare kamar zai wuce tirela a kan kwana. Akwai wata nas da jita, daga asibiti take zuwa kai tsaye tana hamma. Akwai mai gyaran agogo da fiyano, kuma tunda muka fara bai taɓa zuwa a kan lokaci ba. Sai ni da sarewata, shekara sittin da biyar a duniya. Ɗakin ƙarami ne, warin fenti yana hawowa daga ƙasa, fankar kuma da nata kiɗan dabam. Da niyyar in yi sati biyu in ce ba na yi na je. Yanzu wata bakwai ke nan, kuma tun daga ran Lahadi nake ƙirga kwanakin da suka rage Talata ta zo. Akwai ranar da mu huɗun muka tsaya a sauti ɗaya lokaci guda, ba wanda ya riga wani, muka dubi juna kamar yara. Rabon da in ji daɗi irin wannan tun maigidana yana da rai.

To, ga inda gizo ke saƙar. Malamin namu ɗalibina ne.

Tun ranar farko na gane shi. Furfura ta fara masa, amma tabon girarsa ta hagu yana nan, kuma har yanzu in yana rubutu a allo sai ya ɗan fito da harshe ta gefen baki. Sama da shekara talatin da suka wuce ni ke shirya yaran makaranta su yi waƙa ranar da iyaye ke zuwa. Wannan yaro ba wanda ya kai shi son waƙa, ba kuma wanda ya kai shi ɓata ta. Idan aka yi sama sai ya yi ƙasa, da iya ƙarfinsa, ido a rufe don daɗi. Wata rana haushi ya kama ni na ce muryarsa kamar ta kwaɗo, yara suka ɗauka, sunan ya bi shi har ya gama makaranta. Sai na mayar da shi layin baya na ce ya riƙa motsa baki kawai, kada in ji ko tari. Shekara uku yana motsa baki a layin baya. A shekara ta ƙarshe mahaifiyarsa ta same ni bayan an tashi, ta riƙe hannuna tana godiya, ta ce duk cikin yaran muryar ɗanta ta fi ji. Na yi murmushi na ce ai yana ƙoƙari. Shi kuwa yana tsaye a gefenta yana kallon takalminsa.

Ban sake tuna wannan rana ba sai da na gan shi riƙe da alli.

Bai nuna ya san ni ba. Mama yake ce mini, kamar yadda yake ce wa direba Baba. Haƙurinsa kuwa har haushi yake ba ni. In na busa abin da ko kaza ba za ta yarda nata ne ba, sai ya ce mun kusa, a sake. Ni da na san da ni ce shi, da tuni na kore ni.

Saura abin da ko 'yata ba ta sani ba. A waƙar da muke koyo akwai wani wuri mai sauri, layi biyu, inda yatsuna ke rikicewa su rasa ramukan sarewar. Na gwada, na gwada, abin ya ƙi. Sai na lura idan aka zo wurin, ganga da fiyano suna cika ɗakin. Wata biyu ke nan, Anti, da an iso nan sai in kumbura kumatu, in riƙa wasa da yatsu, in kaɗa kai, amma ko iska ba na hurawa. Na ƙware har nas ta yaba mini, ta ce ba ta taɓa jin na yi kuskure a wurin ba. Don abin ya ƙara tafiya daidai, kullum in na zo sai in ja kujerata bayan fiyano. Sai dai mai sharar wurin ta sa ni a gaba, duk ranar da na dawo sai in tarar ta mayar da kujerar gaba, dab da allo. Na yi niyyar yi mata magana, har yau ban taɓa samunta ba.

Makon jiya malam ya sanar cewa nan da sati uku kowane rukuni zai yi wasa a gaban iyalansa. Ya kuma ce ya ɗan canza tsarin waƙarmu: a waɗannan layuka biyun kowa zai yi shiru, sarewa kaɗai za a ji. Direba ya buga mini ganga don taya murna. 'Yata ta riga ta gaya wa kowa, jikata ta ce a kujerar gaba za ta zauna ta ɗauke ni a waya, surukin nan da na gyara wa riƙon cokali har da cewa zai nemi izini a wurin aiki.

Ki gaya mini gaskiya. Ramuwa ce? Shekara talatin yana jiran ranar da zai tsayar da ni gaban jama'a in ji abin da ya ji? Ko bai ma gane ni ba, ni ce ke tsarguwa? Na yi tunanin in ce hawan jinina ya tashi ranar, don dama ina da shi, ba a ce na yi ƙarya gaba ɗaya ba. Na yi tunanin in koma rukunin Laraba inda wani malami yake. Amma ba na son rabuwa da mutanena uku, duk da gudun direba. Kuma ina jin kunyar yaron nan, kunyar da ban san inda zan sa ta ba. Ya zan yi?

Taki,
Mai Jan Biro

*

Malama Mai Jan Biro,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na kuma duba amsata sau uku kafin in miƙa ta, don na san da me za ki karanta.

Bari mu fara wanke baiwar Allah mai shara. Ban taɓa ganin mai sharar da ke zaɓar kujera ɗaya tak cikin huɗu ta kai ta gaban allo sau biyu a mako har tsawon wata biyu ba. Ba ita ba ce, Malama. Wanda ke ɗauko kujerarki daga bayan fiyano mutum ne da ya san yadda zaman layin baya yake, don ya yi shi shekara uku. Ya gane ki, ina kyautata zaton tun kafin ki gama hawa matakala. Ɗalibi ba ya manta malamar da ta raɗa masa suna. Batun kumbura kumatu kuwa, kin yaudari nas mai jin barci, amma ba za ki yaudari wanda ya fi kowa sanin sana'ar ba. A hannunki ya koye ta.

Ko ramuwa ce? Ban shiga zuciyarsa ba, kuma ɗan Adam ne, ba mamaki in ya ga kina zufa wani ɗan wuri a ransa yana murmushi. Ba zan ga laifinsa ba. Amma mai son ya kunyata ki ba ya buƙatar jiran taro. Ranar da ya fara lura zai tsayar da kowa ya ce sarewa ta busa mu ji, shi ke nan an gama. Bai yi ba. Wata bakwai yana ce miki mun kusa, a sake. Abin da na gani shi ne ya ƙi yi miki abin da aka yi masa, ya kuma ƙi barin ki ki yi wa kanki.

Ke ma ba zan rataye ki ba. Yara cike da aji, ga iyaye na zuwa, ga shugaban makaranta na kallo, malamai da yawa sun yi wannan dabarar suna ganin rufin asiri ne. Sai dai yawan masu yi bai rage wa yaron nan zafi ba, kuma sunan da kika sa masa ba dabara ba ce, ɓacin rai ne. Kunyar da kike ji daidai ce. Kada ki kai ta rukunin Laraba, can ma za ta bi ki.

Ga abin da za ki yi. Ran Talata ki riga kowa zuwa, wanda ba zai yi wuya ba tunda da mai agogo kuke. Ki ce masa kin gane shi, kin tuna abin da kika yi, ba ki kyauta ba, ya yafe miki. Iyakarsa ke nan. Kada ki kawo yawan yaran aji, kada ki ce ai ga shi ya zama mutum, kada ki mayar da abin darasi. Na san shekara talatin da biyar kina magana ana saurare, wannan karon ki faɗa ki yi shiru. In ya yi dariya ya ce ya wuce, ki karɓa. In ya ce abin ya daɗe yana masa ciwo, ki saurara har ya gama. In kuma ya nuna ba ya son a tayar da maganar, ki bar shi, haƙƙinsa ne.

Daga nan ki gaya masa layi biyun nan sun fi ƙarfin yatsunki. Aikinsa ne ya sassauta su ko ya rage musu gudu, kuma na tabbata ya daɗe da tanadin yadda zai yi, jira yake ki tambaya. Ki gaya wa abokanki uku su ma. Amfanin koyo cikin rukuni ke nan, ba don ƙarar wasu ta rufe wani aka haɗa ku ba. Nas za ta yi dariya, direba kuma ya samu dalilin taka birki karon farko a rayuwarsa. A gida ki ɗauki minti goma safe da yamma a kan wurin kaɗai, a hankali, kamar yadda kike sa yara maimaita baƙi har ya zauna. Mutanen gida za su sha wuya, amma su suka sayo sarewar.

Hawan jininki kuma ki bar shi ya huta, ki sha maganinki a kan lokaci, kada ki ba shi aikin da ba nasa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wataƙila ki yi kuskure a gaban jama'a, sarewa ta yi kukan da ba a sa ta ba. Ba abin da zai faru. Jikarki za ta ga kakarta mai shekara sittin da biyar tana koyon abin da ba ta iya ba, ta ɓata, ta ci gaba. Uwar yaron nan ta tafa wa muryar da ba ta ji ba. Ki bar taki 'yar ta tafa wa abin da ta ji da kunnenta, ko da kwaɗo ne.

Allah ya ƙara lafiya da tsawon numfashi, ya sa a tashi taro lafiya. Ran Talata in kin shiga, ki zauna a kujerar nan inda ya ajiye miki ita.

Anti