Baba zai sayar da tunkiyata saboda manhajar kwamfuta

Anti Maimunat, don Allah ki taimake ni. Ban taɓa rubuto wa jarida ba, bara na gama firamare, ki yi haƙuri da rubutuna.

Yayana Sha'aban yana karatun zanen gine-gine a jami'a a Kano. Da ya zo hutu, muna cin abinci, ya ce manhajar da ake zane da ita a kwamfuta tana da tsada, amma malaminsu ya nuna musu wata ta kyauta, ita ya saka. Baba na jin haka ya tsame hannunsa daga tuwo. Ya ce bai taɓa ganin wanda ya sha wahala ya ƙera abu ya bayar haka kawai ba, sai dai in sato shi aka yi, kuma ba za a nemi ilimi da haram a gidansa ba. Ya ce ranar kasuwa za a kai tunkiyata a saya wa Yaya mai kuɗin.

Anti, kakata ce ta ba ni tunkiyar nan, yanzu ciki gare ta. Kuma wai kuɗinta ba zai ma kai ba, kuma duk shekara sai an sake biya. Duk shekara! Da gaske manhajar nan ta sata ce?

Mai damuwa daga Tsanyawa

Amsa:

'Yata, kwantar da hankalinki. Tsoron Baba yana da tushe, domin akwai manhajojin sata da ake kwafa ana sayarwa. Amma akwai waɗanda masu su suka buɗe wa kowa da yardarsu, a rubuce, kamar mutumin da ya haƙa rijiya ya bar wa gari. Shan ruwanta ba sata ba ne. Abin da za ta ci wa Sha'aban shi ne data da lokacin koyo.

Kada ki tunkari Baba da kanki. Ki faɗa wa Inna ta roƙe shi ya dakata mako ɗaya. Sha'aban ya kira malamin nasu ya yi wa Baba bayani da bakinsa, ya tabbatar masa za su karɓi aikin da aka yi da ita. In hankalinsa bai kwanta ba, su je wurin limamin garinku tare da takardar izinin da masu manhajar suka rubuta.

Mutumin da ya yarda ya yi asara don gudun haram ba zai ƙi halal ba in ya gane ta. Allah Ya ba Sha'aban sa'a, ke ma ki koma makaranta.