Kofi Mai Jan Tef

Lewisham, Landan
6 ga Oktoba

Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, ƙafar kuma ta yi sauƙi. A gaida Yaya Abdul-Hafiz da iyalinsa. Tunda kunnenka ya daina shiri da waya, ga shi na rubuta da hannu kamar yadda kake so, zan ɗauki hotonta in turo.

Baba, ina cikin matsala a gidan kula da tsofaffin da nake aiki. Ka tuna Kamlesh, matar nan 'yar Indiya da na ce ita ta koya mini ɗaga mara lafiya ba tare da na karya bayana ba? An kore ta, ta kai ƙara kotun ma'aikata, kuma sunana ya shiga maganar.

Ga yadda abin ya faru. Watana biyu da fara aiki, manajarmu Madam Harjit, ita ma 'yar Indiya, ta miƙo mini jan tef ta ce in liƙa a hannun kofin Kamlesh in mayar da shi kantar ƙasa. Ban tambayi dalili ba. Ai ni ma farantina daban yake saboda naman alade, har da sunana a jiki. Na ɗauka addininta ne ya hana ta haɗa kofi da mutane, har daɗi na ji wai an mutunta ta. Wata takwas ina wanke kofin nan da soso daban, ina yi mata murmushi, ita ma tana mayar mini.

Ashe ba addini ba ne, asali ne. Wai a can ƙasarsu mutanen Kamlesh ƙasan kowa suke, ana ce musu Dalit, abin da bakinsu ya taɓa ya ƙazantu. Da Madam ta gano ƙauyen da Kamlesh ta fito, sai ta cire ta daga ba wa tsofaffi abinci ta mayar da ita wankin banɗaki da zanen gado. Ta rubuta koke, aka ce ta yi rashin ladabi.

Yanzu Madam ta buga takarda ta ce in sa hannu. A ciki an rubuta cewa ni na liƙa tef ɗin da ra'ayin kaina, saboda ni Musulma ce mai raba kwanuka, babu wanda ya sa ni. Ta ciro ta daga durowar da takardun sabunta bizata suke, ta bar durowar a buɗe don in gani. Ka san bizar a hannunsu take. In suka soke ta, kwana sittin ake ba mutum ya sami wani wurin ko ya bar ƙasar. Ta ba ni zuwa Juma'ar makon gobe.

Tsoro nake ji, Baba. Ka gaya mini abin da zan yi.

'Yarka,
Anatu

*

Funtuwa
8 ga Oktoba

Uwata,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, na karanta sau biyu. Muna lafiya, ƙafa da godiya. Rubutunki ya lalace, kin daina sa wa ɗ da ƙ lanƙwasarsu yadda ya kamata, amma wannan maganar wata rana ce.

Ki saurare ni da kyau. Shekara huɗu kina neman hanyar zuwa ƙasar nan. Ba ki je don ki gyara wa mutanen Indiya zamansu ba. Sun fi ki sanin junansu, rigimarsu ta girmi kakan kakanki, kuma ranar da za su shirya ba za su neme ki ba. Ita wannan baiwar Allah kin taɓa ce mini shekararta talatin a can, tana da fasfonsu. In ta faɗi a kotu, gidanta za ta koma ta kwana. Ke in kin faɗi, filin jirgi za ki nufa.

Sannan takardar ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Ke kika liƙa abin, kuma a ranki saboda addini kika liƙa. Ki sa hannu, ki yi istigfari a kan ragowar, ki kama aikinki. Ba shawara nake ba ki ba, umarni ne.

Maganar asali kuwa, ki bar ta inda kika same ta. Babu alheri a tona ta, a can ko a nan.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki.

Mahaifinki,
Malam Mahamudu

*

Lewisham
12 ga Oktoba

Baba,

Ina gaisuwa tare da fatan alheri. Na ji umarninka, kuma ban taɓa tsallake maganarka ba. Zan sa hannu ranar Juma'a. Amma ka yi haƙuri, sai na faɗa maka abin da zan sa wa hannun.

Jiya Asabar na je kasuwa sayen doya, sai ga Kamlesh a tashar bas. Na so in shige bayan mai kifi, ta riga ta gan ni. Na zaci za ta roƙe ni ko ta zage ni. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta tambayi bayana, ta ce ko har yanzu ina lanƙwasa gwiwa kafin in ɗaga tsohon ɗaki na tara.

Ni na kasa haƙuri, na tambaye ta me ya sa wata takwas ba ta taɓa gaya mini ma'anar tef ɗin ba. Ta ce, "Ke kaɗai ce a gidan nan kike wanke kofina ba tare da kin yamutsa fuska ba. Ban so in rasa wannan." Baba, da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Ta ce ƙungiyarsu ta ma'aikata ta samo mata lauya, amma lauyar ta gaya mata gaskiya: Madam ba ta taɓa furta kalmar a gaban shaida ba, komai da ido da hannu take yi. Abu ɗaya da ake iya gani shi ne kofin. In na ce ni na yi da ra'ayina, shari'ar ta mutu, kuma da sunan addinina za a binne ta. Wannan ne yake hana ni cin abinci.

Na tambaye ta wai me kakanninta suka yi da har ake gudun bakinsu. Ta ce ba su yi komai ba, fata suke jima. Majema ne, Baba. Mutanen da suke yi wa kowa takalmi da jaka. Ita ko fatar akuya ba ta taɓa riƙewa ba, ɗanta likitan haƙori ne, amma warin ya biyo ta har Landan a hancin Madam. Na ce mata mu a wajenmu ba a haka. Na faɗa da ƙarfina kuwa, don kai ka koya mana cewa sana'a ba ta rage mutum.

Ka ce in yi istigfari a kan ragowar. Zan yi. Ka taya ni, don ragowar ta fi abin da ka zata yawa.

'Yarka mai biyayya,
Anatu

*

Funtuwa
15 ga Oktoba

Uwata,

Assalamu alaikum. Kwana uku takardarki na aljihuna. Ki yafe mini jinkiri, na san Juma'a jibi ce.

Kin gaya wa matar nan cewa mu a wajenmu ba a haka. Ni na sa ki faɗin abin da ba haka yake ba. Na ce muku kakanku bafatake ne. Ba bafatake ba ne. Majemi ne a Kano, shi da ubansa. A bakin ramin jima na tashi, cikin toka da bagaruwa da kashin tantabara. Hannun mahaifina har ya rasu bai koma kalar hannun mutane ba.

Gidan farko da na nemi aure, ina malamin makaranta da albashina, an karɓi iyayena da fara'a, aka ba su ruwa. Daga baya yarinyar ta gaya mini kwanon da suka sha ruwan an mayar da shi na kaji. Na nemi canjin wurin aiki zuwa Funtuwa, na zo na zama ɗan fatake.

Ba wannan ne ya hana ni amsa miki ba. Shekarar da aka haifi yayanki, mahaifina ya zo ganin jika. Dangin mahaifiyarku cike da gida. Na je kasuwa na sayo sabon kwanon sha mai murfi, na ce wannan na Baba ne shi kaɗai, kada yaro ya taɓa. Kowa ya yaba mini, wai na san girman uba. Na kai masa ruwa a ciki. Ya juya kwanon a hannunsa, ya dube ni, ya ce, "Mamuda, har a gidanka?" Ya sha ruwan, ya yi godiya. Kwana biyu ya yi maimakon bakwai, kuma bai sake zuwa ba.

Ke kin liƙa naki tef ɗin ba ki sani ba. Ni ina sane na sayi kwanon. Shekara talatin da takwas ina istigfari a kan ragowa, Uwata, kuma na fi kowa sanin ba ta raguwa. Na ba ki umarnin nan ne don ina tsoron a koro ki, har yanzu ina tsoro. Amma rabinsa tsoron kaina ne.

Na janye umarnina. Ban maye gurbinsa da wani ba, domin ke za ki ɗauki abin da zai biyo baya, ba ni ba. Duk wanda kika zaɓa, albarkata na tare da ke. Sunan mahaifiyata na sa miki, amma matar majemi ce, ko wannan ban taɓa gaya miki ba.

Allah ya yi miki jagora.

Mahaifinki,
Mahamudu

*

Lewisham
17 ga Oktoba

Baba,

Ina gaisuwa. Ban sa hannu ba. Na ce wa Madam ni na liƙa, amma ita ta miƙo mini tef ɗin, kuma haka zan faɗa a kotu. Ta tura durowar ta kulle, ta sa makullin a jaka. Na fita na hau bas. Ban san ranar da kwana sittin ɗin za su fara ba.

Na kai wa lauya kofin. Kamlesh na wurin, na nuna mata hoton bagaruwa a waya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce da ita kakanta yake jima.

Ka sa a share mini ɗakina ko da za a buƙace shi. Kamlesh ta ce in an gama shari'a kofin nawa ne. Zan taho da shi, tef ɗin na jiki, mu sha shayi a ciki ni da kai.

Ka rubuto mini sunan kakana.

'Yarka,
Anatu, jikar majemi