Haƙoran Auta

Dukawuya, Kano
4 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanwata Nana Aisha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, da 'yarki mai jego Lauratu da jinjiri. Tunda kunnena ya daina jin waya, ga takarda ta hannun Salihu direba.

Zomonki Auta ba shi da lafiya. Kwana huɗu ke nan ba ya cin abin kirki, sai yawu yake zubarwa har haɓarsa ta jiƙe. Na kai shi wurin likitar dabbobi a Ƙofar Kabuga. Ta haska bakinsa ta ce haƙoran ciki ne suka yi tsini suna yankar masa harshe. Sai an yi masa allurar barci an gurje su. Ta ce zomo ba ya son wannan allura, wani ba ya farkawa, don haka sai mai shi ya yarda.

Ki ba ni amsa da wuri.

Yayanki,
Ɗalha Baduku

Gumel
5 ga Afrilu

Yaya Ɗalha,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, amma takardarka ta hana ni cin abinci.

Sati uku kacal da na bar maka Auta, ƙato, sumul, shi ne har ya kai ga tiyata? Shekarata hamsin da biyu ban taɓa jin an yi wa zomo aikin haƙori ba. Me kake ba shi?

Kuma bari in fito maka fili. Ban manta ba, ranar da marigayi maigidana Malam Isyaku ya kawo min shi a kwali, kai ne ka ɗaga shi ka ce wannan da barkono da citta zai yi daɗi. Da sallah ma ka shafa bayansa ka ce fatar za ta yi jakar hannu. Kowa ya yi dariya, ni ban yi ba. Yanzu ga wata allura wai mai hana farkawa, ta zo daidai lokacin da ba na gari.

Maƙwabciyata Mabruka ta bugo min jiya. Ta ce ta wuce ta ƙofar shagonka ta gan ka kana wasa ƙaramar wuƙa, ba ta yankan fata ba, ga Auta a kwando kusa da ƙafarka. Ka yi min bayani.

Yaya, tun rasuwar Malam shi kaɗai ne mai motsi a gidan nan in na idar da sallah. Kai ka san haka.

Ƙanwarka,
Nana

Dukawuya
7 ga Afrilu

Nana,

Bayan sallama. Mabruka ba ta yi ƙarya ba, na wasa wuƙa, kuma da ita zan je wurin likita. Haka muka taso muka ga Baba yana yi. Dabba in ta kama hanyar mutuwa, a sa mata wuƙa da bisimilla kafin ta zama mushe. Ko kin fi so a jefa shi bola karnuka su ja?

Ban ce zan ci ba. Zomon da ya rame haka, me zan ci a jikinsa?

Ya ƙara lafcewa. Ki ce e ko a'a.

Ɗalha

Gumel
8 ga Afrilu

Yaya,

Ka gani ko? Har ka duba ka ga babu abin ci a jikinsa! Wato an riga an auna.

Na tambayi mijin Lauratu, malamin gona ne, ya ce lallai ana irin wannan aiki. To na yarda a yi, don ba ni da yadda zan yi, ba don na yarda da kai ba. Sharaɗina biyu. Mabruka ta bi ku, kuma wuƙar nan ta kwana a shago. In Allah Ya karɓi ransa, a haƙa masa rami a gindin lemon tsakar gidana, da fatarsa a jikinsa.

In na dawo na tarar da wani zomo fari an ce min shi ne, zan gane. Akwai tsaga a kunnensa na hagu.

Nana

Dukawuya
10 ga Afrilu

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. An yi aikin jiya da hantsi, Auta yana raye.

Ba zan ɓoye miki ba, na saɓa sharaɗi ɗaya. Wuƙar tana aljihuna. Da aka fito da shi an naɗe shi a tawul, kwance kamar tsumma. Kusan rabin awa bai motsa ba. Na ga cikinsa ya daina ɗagawa, ko idona ne, ban sani ba. Na sa hannu a aljihu. Mabruka ta ce, "Malam Ɗalha, ka ji tsoron Allah!" Likita ta ce in ƙara haƙuri. Wallahi ba su ne suka hana ni ba, hannuna ne ya ƙi fitowa. Shekara arba'in ina yankan fata, jiya zomo ya gagare ni. Can sai hancinsa ya fara motsi.

Yanzu ga abin da na riƙe tun takardar farko. Kin tambaye ni me nake ba shi. Abin da kika rubuta min a bayan kalanda nake ba shi: burodi a jiƙa da shayi da safe, kunu da rana, biskit in ya yi ƙiwa. Likita ta ce haƙoran zomo ba sa daina tsiro har ya mutu, taunar ciyawa da harawa ce take cinye su. Ta ce wannan tsinin ba na sati uku ba ne, ya fi shekara yana taruwa. Na yi shiru ne don kina nesa, ga hidimar jego, na ga gara ki yi ta zargina.

Yau da safe ya ɗan ja busasshiyar ciyawa. Duk wata uku za a riƙa duba bakin.

Allah Ya dawo da ke lafiya.

Yayanki,
Ɗalha

Gumel
12 ga Afrilu

Yaya Ɗalha,

Salamu alaikum. Na karanta sau uku. Na buga wa Mabruka waya don in kama ka da ƙarya, ta ce haka aka yi.

Da kofin Malam nake jiƙa masa burodin nan. Na ɗauka gata nake yi masa.

Ka yafe min, Yaya.

Ranar Asabar ta sama zan dawo, amma kada ka kawo shi. Ka bar shi a wurinka. Ni na san kaina, in ya zo ya dafa ƙafata da safe ina shan shayi, ba zan iya hana shi ba.

Zan riƙa zuwa ina ganinsa.

Ƙanwarka,
Nana Aisha