Ɗan Ciwo Ne Kaɗan

Ɗana Taniela,

Gaisuwa mai yawa. Ya aikin tsinkar inabi, ya sanyin Ostareliya? Mu nan tsibiran Ha'apai na Tonga lafiya lau, sai babanka Siosaia da ciki ya murɗe masa bayan ya dawo daga kamun kifi. Uwarka ta kawo shi ɗakin shan maganinmu. Na tambaye shi, ya ce ɗan ciwo ne kaɗan, na ba shi ƙwayoyi. Kada ka tada hankalinka.

Gwaggonka, Kalolaine

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki, don an koya mini gaida manya.

An binne Baba ban gan shi ba. Mama ta ce a gida tabarma yake cizo, yana birgima, gumi kamar an watsa masa ruwa. Ta ce da kwale-kwale ya kai shi babban asibiti, likita ya ce gwaiwa ce ta shaƙe masa hanji, an makara. Kuma ta ce akwai allurar kashe zafi a kabad ɗinki. Ke kaɗai ce nas a tsibirin nan kaf. Wa kike ajiye wa ita, in ba ɗan'uwanki ba? Raina ya ɓaci da ke, ba zan ɓoye ba.

Taniela

*

Ɗana,

Allah ya ba mu haƙuri. Faɗi duk abin da ke bakinka, na cancanta.

Allurar guda ce ta rage, jirgin magani kuwa sai ya ga dama yake zuwa. Amma ba rowa na yi ba. Ka san al'adarmu ta kunya tsakanin ɗan'uwa da 'yar'uwa: tun da muka girma ni da babanka ba mu zauna ɗaki ɗaya ba, balle in ɗaga masa zane in duba mararsa. Daga bakin ƙofa na tsaya. Da ya ji muryata sai ya gyara zama, ya ja mayafi, har da murmushi. Wane namiji ne a Tonga zai yi wa 'yar'uwarsa zancen wannan wuri? Uwarka ta so magana, ya harare ta.

Na ga leɓensa yana rawa, Taniela. Da baƙo ne da tuni na kwantar da shi, na yi masa allurar, na kira kwale-kwale. Shi ya ji kunyata, ni na ji tasa. Na taɓa roƙon a turo mana nas namiji, aka ce babu. Yanzu ko kabad ɗin ba na iya buɗewa.

Ka gaida abokan aikinka.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Na sami takardarki. Ina nan tafe. Gashina ya taru, kuma a al'adarmu 'ya'yan mamaci ba sa fita daga makoki sai gwaggonsu ta yanke musu gashi da hannunta. Zan zauna a gabanki, ki zo da almakashi.

Sai dai kada ki tambaye ni yadda nake ji. Ni gaskiya zan gaya miki.

Ɗanki, Taniela