Wasiƙar da Auta Ta Kasa Karantawa

Uwargida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Allah Ya ƙara mata sauƙi, ke kuma Ya ba ki ladan jinya. Mu lafiya, sai gajiya. Daga kan keken ɗinki sai bakin murhu, bayana har ya fara tsiya.

Kin san yadda muke cika baki da karatun Auta. Da wasiƙarki ta iso, na miƙa mata ta karanta mana. Ta gyara murya, ta ɗora yatsa, ta rattabo labarin akuyar da ke shafin farko na littafinsu. Na yi dariya, daga baya na gane ba wasa take yi ba. Ashe shekara biyun nan malami na faɗa suna amsawa, su tamanin a aji. Ta haddace littafin tsaf, amma haruffan da ta sani ba su kai goma ba.

Na je makarantar. Malamin bai musa ba, ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ba ta iya ba kafin ƙarshen zango, za a mayar da ita aji ɗaya. Na ji kunya, wallahi.

Mijinki,
Tela

Uwargida,

Ina gaisuwa, a duba min Inna.

Wata guda ke nan ina rubuta mata ba, bi, bu da allin ɗinki a kan teburin yanka. Kullum sai ta juya b ta koma d. Ranar Laraba na daka mata tsawa, na wuni ina cizon yatsa.

An gwada su a makaranta, ba ta kai ba. An mayar da ita. Ko hawaye ba ta yi ba, ta dai rataye jakarta.

Amma shekaranjiya na tarar da ita da wasiƙarki a ƙarƙashin tebur. Ta gano sunanta, ta nace sai ta san abin da ke biye da shi. Na ce in taya ta, ta ƙi. Kwana biyu tana fama da kalma uku, gaɓa-gaɓa, sai yau ta haɗa su: kullum ina kewarki. Nan ne ta yi kukan, ni ma na juya baya ina neman almakashi.

Don Allah ki rubuto mata tata daban, da manyan haruffa. Ta ce kada in buɗe.

Naki har kullum,
Tela