Ƙwayoyin da Na Ƙwace wa Jibirin

Gagamari, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga maiɗakina Meram,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin isa Damagaram lafiya, kuma 'yarmu Fauziyya da jaririnta suna samun ƙarfi. Ki gaishe mini da surukai.

Ki kwantar da hankalinki a kan Jibirin. Tun ranar da na ƙwace ƙwayoyin tramol daga hannunsa a gabanki, ɗan naki bai koma ba. Ya yi mako guda yana amai da zufa yana zagin kowa, yanzu kuwa abinci ba ya isarsa. Tare muke ban-ruwan tattasai a bakin kogin Komadugu. Ni ne dai baya ya matsa mini. In na sunkuya, sai na dafa gwiwa kafin in miƙe. Shekaru ne.

Mijinki,
Umara

Gagamari, 21 ga Disamba

Meram,

Ina gaisuwa. Yaya sanyi, yaya mai jego?

Kin tambaye ni a waya abin da ya sami muryata, na ce mura. Ba mura ba ce. Bakina ya kasa faɗa, shi ya sa na rubuta.

Ƙwayoyin nan ban zuba su a kogi ba kamar yadda na gaya miki. A bukkar gona na ɓoye su, ban ma san dalili ba. Ranar da baya ya hana ni tashi, ga tattasai ya fara yaushi, sai na haɗiye ɗaya. Na yi aiki har la'asar ban zauna ba. Yanzu uku nake sha da shayin safe. Da suka ƙare na shiga Diffa, wurin mai sayar da ƙwayar nan na bayan tasha da na taɓa tara wa jama'a saboda Jibirin. Ya dube ni, ya miƙo mini, ya karɓi kuɗinsa.

Jibirin bai sani ba. Har yabona yake yi wai ƙarfina ya dawo.

Umara

Diffa, 17 ga Janairu

Meram,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yi haƙuri da rubutun.

Ranar Talatar makon jiya farfaɗiya ta kayar da ni a hanyar ruwa, fuskata cikin laka. Jibirin ne ya jawo ni, ya goyo ni har bakin titi. A gidan likita, lokotoron da ya duba ni ya tambaye ni a gaban Jibirin ƙwaya nawa nake sha a yini. Na so in yi ƙarya, gajiya ta hana ni. Na ce shida. Jibirin ya tashi ya fita.

Muna gidan ƙanena Zaidu. Yau kwana tara ban sha ba. Jibirin ya san abin da zai same ni kafin ya zo. Zai ajiye bokiti kafin amai ya taso, ya rufa mini bargo kafin sanyi ya kama ni, sannan ya tafi gona tsinkar tattasai shi kaɗai. Yana gaishe ni kowace safiya, amma ƙasa yake kallo.

Ba zan yi miki alkawari ba, don ko yau da hantsi na tsinci kaina ina neman takalmana in tafi tasha. Zaidu ya ɓoye su.

Fauziyya ta daɗe da yin arba'in, ki dawo. Yaron nan ya gaji, kuma ba ni da fuskar da zan ce masa sannu.

Allah ya haɗa mu da alheri.

Mijinki,
Umara